An Cire 'Yata Daga Ajin Kiɗa Saboda Ba Ta Ji

Assalamu alaikum Anti. Ina da 'ya mai shekara 12, Ummi muke kiranta. Tana shekara 7 sanƙarau ya kama ta, Allah ya tashi kafaɗunta, amma ciwon ya tafi da jinta. Kunnen dama ba ta ji da shi ko kaɗan, na hagu kuma sai an sa mata na'ura take ɗan tsintar abin da ba a rasa ba. Tana magana tunda ta iya kafin ciwon, sai dai muryar ta ɗan sauya. Yanzu tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare a wata makarantar kuɗi nan Zariya, tare da yara masu ji.

Damuwata darasin CCA ne, wato darasin al'adu da fasahar ƙirƙira. Duk ranar da za a yi ɓangaren kiɗa da waƙa, sai malamin ya ce ta ɗauki littafinta ta tafi ofishin malamai ta yi zane. Ƙarshen zango ya ba ta maki 50 ba tare da ta yi komai ba. Na yi shiru. To yanzu za a yi bikin raba kyaututtuka, 'yan matan ajinsu za su yi gaɗa da kiɗan shantu, ita ma ta je ta rubuta sunanta da kanta. Malamin ya soke, ya aiko ƙawarta ta gaya mata kada ta ɓata musu wasa a gaban baƙi. Tun daga ranar, duk Laraba, ranar darasin, sai ta tashi da ciwon ciki. Babanta ya ce in bar maganar, wanda ba ya ji me zai yi da kiɗa, in abin ya dame ni mu mayar da ita makarantar kurame. Yayyenta mata biyu kuwa duk sun yi wannan wasan a makarantar. Anti, in je in yi magana ne, ko in lallashe ta ta haƙura? Tsorona kada in matsa a sa ta, ta yi kuskure a yi mata dariya.

Maman Ummi, daga Zariya

Wa alaikumus salam, Maman Ummi. Allah ya ƙara wa Ummi lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da ita.

Ki je ki yi magana. Kada ki lallashe ta ta haƙura, domin ta riga ta yi haƙurin zango guda tana zaune ita kaɗai a ofishin malamai, kuma kin ga inda haƙurin ya fito mata: a ciki, duk ranar Laraba. Kada ki ce mata ƙarya take yi. Yaron da ke fargabar wuri cikinsa na murɗawa da gaske.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne makin nan 50. Na tabbata malamin gani yake ya kyauta. Wataƙila bai taɓa koyar da yaron da ba ya ji ba, ba wanda ya nuna masa yadda ake yi, sai ya zaɓi abin da ya fi sauƙi ya kira shi tausayi. Amma yarinya mai shekara 12 ta san bambancin makin da ta ci da makin da aka ba ta don ta tashi daga wurin. Abin da take karantawa a ciki shi ne ba a tsammanin komai daga gare ta. Idan wannan ya zauna mata a rai, zai bi ta ajin lissafi, ya bi ta jarabawa, ya bi ta har gidan aurenta.

Bari mu ɗauki tambayar Babanta da muhimmanci, don tambaya ce da mutane da yawa ke yi da zuciya ɗaya. Me wanda ba ya ji zai yi da kiɗa? Sauti jijjiga ce. Abu ya motsa, ya girgiza iska ko ƙasa ko katako, jijjigar ta iso jikin mutum. Kunne shi ya fi kowace gaɓa iya tantance ta, amma ba shi kaɗai take shiga ba. Sauti mai kauri, irin na ganga da tambari, ana jin sa a ƙirji da tafin ƙafa da tafin hannu. Ki tuna lugude. Mata uku a turmi ɗaya, taɓare uku suna hawa suna sauka, ba mai karo da wata, har wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe. Kowace tana kallon tashin taɓaryar 'yar'uwarta, tana jin dirar ta ƙasa a ƙafarta, kafaɗarta kuma ta riƙe lissafin. Ido da jiki ne ke yin rabin aikin ko ga mai ji.

Kuma cikin ikon Allah, wasan da 'yan ajin suka zaɓa yana cikin waɗanda suka fi dacewa da Ummi. Shantu a jiki ake kaɗa shi. Mai kiɗan tana zaune, tana buga gindinsa a cinya, tana rufe bakinsa da tafin hannu tana buɗewa. Duk bugu ɗaya a naman jikinta yake sauka, ba ta buƙatar kowa ya gaya mata ta buga ko ba ta buga ba. Gaɗa kuma tafi ce da taku da faɗawa a cafe ki, a da'irar da kowa ke ganin kowa. Ƙari a kan haka, Ummi ta yi shekara bakwai tana ji. Ta ji waƙoƙin reno, ta ji yayyenta suna bitar gaɗar nan a tsakar gida. Karin yana nan a ajiye a kanta. Yaron da ya rasa ji bayan ya iya magana yana da wannan jarin, kuma jari ne da ke dusashewa idan aka bar shi shekara da shekaru ba a taɓa shi.

Ba zan yi miki alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Da wuya ta iya ba da waƙa ko ta yi amshi daidai da muryar sauran, domin ba ta jin kanta yadda za ta daidaita hawa da saukar muryarta. Idan aka kunna mata sauti aka ce ta faɗi wane ya fi wane siranta, za ta sha wahala. Waɗannan gaskiya ne, kuma gara ki faɗe su da bakinki a gaban malamin kafin ya faɗa, sai ya gane ba son zuciyar uwa ce ta kawo ki ba. Amma darasin kiɗa ya fi waɗannan biyun faɗi. Akwai riƙe bugu, akwai karanta alamomin kiɗa a allo, akwai sanin kayan kiɗa da tarihinsu da lokacin da ake amfani da kowane, akwai rawa, akwai fahimtar kalmomin waƙa. Duk tana iyawa.

Akwai wata mata 'yar Sukotland mai suna Evelyn Glennie, haihuwar 1965, wadda jinta ya tafi tana wajen shekarun Ummi. Malaminta na makaranta, Ron Forbes, bai kore ta daga aji ba. Yakan buga manyan ganguna ya ce ta dafa bangon ɗakin da hannuwanta, ta lura a wane ɓangaren jikinta kowane sauti ke tsayawa, har ta koyi raba mai kauri da siriri ta haka. Babbar makarantar koyon kiɗa ta Royal Academy of Music da ke Landan ta fara ƙin karɓarta, ta dage aka sake gwada ta aka ɗauke ta. Ta zama ɗaya daga cikin fitattun makaɗan duniya, yawanci ba takalmi take hawa dandamali don jijjigar ta riƙa shigo mata ta ƙafa, kuma ita ta jagoranci makaɗa kusan 1,000 a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012. Ban kawo ta don in ce Ummi za ta zama haka ba, kuma ba sai ta zama haka ne za ta cancanci kujerarta a aji ba. Malamin nake so ki duba. Abin da ya yi bai ci kuɗi ba, bango ne da haƙuri.

Kafin ki taka makarantar, ki yi abu biyu a gida. Na farko ki zaunar da Ummi wuri mai haske, fuska da fuska, ki tambaye ta me take so. Shantun take so, ko gaɗar, ko dai kawai ba ta son a riƙa ware ta? Ki gaya mata gaskiya cewa za ta iya yin kuskure a gaban mutane, ki ji amsarta. Yarinyar da ta je ta rubuta sunanta da hannunta, ina kyautata zaton ta riga ta yi wannan lissafin. Na biyu, ki samo shantu, ki sa ɗaya daga cikin yayyenta ta zauna gabanta, gwiwa na taɓa gwiwa, su yi ta bugawa tare. Yayar ta fara a hankali tana gyaɗa kai da kowane bugu. Idan Ummi ta kama, sai ki ɗauke su a waya na minti ɗaya ko biyu. Wannan ɗan bidiyon zai yi miki aikin da dogon bayani ba zai yi ba, a wajen malamin da wajen Babanta duka.

Ki fara da malamin shi kaɗai, kada ki tsallake shi ki tafi wajen shugaban makaranta, don wanda aka kai ƙararsa kare kansa zai tsaya yi. Ki gaishe shi, ki yi masa godiya, ki nuna masa bidiyon, sannan ki ce, "Malam, ina roƙon a daina fitar da ita, kuma a daina ba ta makin da ba ta yi aikinsa ba." Daga nan ki kawo masa hanyoyin, domin mai yiwuwa abin da ya rasa ke nan.

A aji, ta zauna gaba, ta gefen da kunnenta na hagu zai fuskanci malamin, taga tana bayanta yadda haske zai sauka a fuskarsa. Kada ya riƙa bayani yana fuskantar allo, domin da ya juya baya maganar ta yanke mata. Duk waƙar da za a koya ya ba ta kalmomin a rubuce tun kwana ɗaya ko biyu kafin darasin, ku bi su tare a gida. Karanta leɓe aiki ne mai gajiyarwa ko a magana, balle a waƙa inda ake ja da lanƙwasa kalma, amma idan ta san abin da ke zuwa za ta iya bi. Idan za a saurari wani kiɗa, ta dafa jikin rediyon ko gangar, ko ta rungumi balan-balan da aka hura, wanda ke ɗaukar jijjiga sosai ya kai ta yatsu.

A wajen bitar wasan kuwa, abu mafi muhimmanci shi ne a riƙa ba da umarni yadda ido zai gani. Maimakon malam ya ce "ɗaya, biyu, uku" da baki kawai, ya ɗaga hannu ya ƙirga da yatsu, ya sauke hannun a bugun farko. A yi alama ɗaya ta farawa, ɗaya ta sauya kari, ɗaya ta tsayawa, kowa ya san su. A ƙasar Sin akwai tawagar kurame masu rawa da suka ja hankalin duniya a bikin sabuwar shekararsu na talabijin a 2005, kuma haka suke yi: masu horar da su suna tsaye a kusurwoyin dandamali suna ba su bugun da hannu. A zaunar da masu shantu a rabin da'ira maimakon layi miƙaƙƙe, Ummi tana kallon wadda ta fi kowa riƙe bugu. Idan da hali su zauna a benci ɗaya na katako, ko a kan dandamalin katako ba takalmi, domin katako na isar da jijjiga fiye da siminti. Malamin zai ga cewa su ma masu jin sun fi haɗa kai da aka yi haka, don yaran da ke kallon hannu ɗaya tare suke farawa tare suke tsayawa.

Batun maki, a gwada ta a kan abin da aka koya mata. Inda sauran za su saurara su bambance sauti, ita a buga mata kari tana kallo tana dafe da gangar ta maimaita, ko a rubuta mata a allo ta buga. Ɓangaren rubutu kuwa ta yi iri ɗaya da kowa. In ta ci 40 a ba ta 40, in ta ci 80 a ba ta 80. Ki tuna masa cewa CCA na cikin darussan da ake jarabawa a ƙarshen aji uku, kuma a can ba wanda zai ba ta 50 don tausayi.

Sai ki kula da kunnen hagun nan, shi ne abin da ya rage mata. Na'urar ji an fi saita ta don maganar mutane, shi ya sa kiɗa mai ƙarfi kan zo wa mai ita a cakuɗe, wani lokaci har da zafi. Idan Ummi ta ce ta fi son cire ta lokacin kiɗa, a bar ta, ita ta san abin da take ji. Ranar bikin kada a ajiye ta kusa da lasifika da sunan taimako. A wuraren aiki ma ana ɗaukar ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na tsawon awa 8 a matsayin iyaka, lasifikar taro kuwa takan zarce haka nesa, kuma ƙara na iya cinye ɗan jin da ya saura. Ki kai ta sashen kunne na asibitin koyarwa da ke Shika, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a sake auna jin, ki tambaya ko na'urarta na da saitin kiɗa, don da yawa suna da shi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ba ki tambaya ba. A ajin kiɗa an fitar da ita a fili, shi ya sa kika sani. Me ke faruwa a ajin lissafi da Turanci da kimiyya, inda take zaune shiru tana kwafar allo? Yara masu larurar ji sun ƙware wajen gyaɗa kai don kada su dami kowa. Ki ɗauki littafinta na jiya ki ce ta yi miki bayanin abin da ta rubuta. Idan kika ga rubutu tsaf amma ba fahimta, to duk abin da na lissafa na zama gaba da fuskantar ta da ba ta rubutu kafin darasi, kowane malami ya kamata ya yi shi, kuma wannan maganar ta shugaban makaranta ce.

Dokar ƙasa tana bayanki. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su 'yancin ilimi ba tare da wariya ko keɓewa ba, ta ce makarantun gwamnati su tanadi wanda aka horar don kula da su, ta kuma tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko cibiyar da ta nuna wariya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum ɗaya. Ki san da ita, amma kada ki buɗe taro da ita. Za ki fi samun abin da kike so daga malamin da ya ji an nemi taimakonsa.

Maganar makarantar kurame kuma, kada ku yi ta cikin fushi, kada kuma ku raina ta. Akwai makarantar masu buƙata ta musamman ta jiha a Kaduna, akwai ta Tudun Maliki a Kano, kuma ga wasu yaran nan ne karon farko da suke samun aji inda suke gane duk abin da ake faɗa. Amma soke suna daga wasan shantu bai isa dalilin raba ta da ƙawayenta da gidanku ba. Abin da zai yanke hukuncin shi ne abin da kika gano a littattafanta. Ko ta tafi ko ta zauna, ina ba ki shawara ku koyi maganar hannu, ke da ita da 'yan'uwanta. Iyaye da yawa na tsoron idan yaro ya koyi hannu zai bar baki. Yarinyar da ta yi shekara bakwai tana magana, kuma ake mata magana kullum a gida, ba hannu ne zai ƙwace mata ita ba. A makarantu ana amfani da wadda ta samo asali daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke baƙar fata, ya yaɗa lokacin da ya buɗe makarantun kurame a Ghana a 1957 da Najeriya a 1960. Kuramen ƙasar Hausa kuma suna da tasu tun kafin zuwan boko. Ki nemi reshen ƙungiyar kurame na jiharku. Ummi na buƙatar ta ga babbar mace irinta, mai aiki da iyali, tana hira tana dariya.

Babanta kuma ki same shi lokacin da hankalinsa ke kwance. Ina jin tsoronku ɗaya ne, shi ma ba ya son a yi wa 'yarsa dariya, ya dai rufe nasa da cewa a bar maganar. Da a ce yana da ra'ayin addini ne kan kiɗa gaba ɗaya, da wannan magana ce daban da za ta hau kan duk 'ya'yan gidan. Tunda yayyenta sun yi bai hana ba, ki tambaye shi a hankali wane dalili za ku gaya wa Ummi. Ki nuna masa bidiyon. In zai yarda ya raka ki makarantar, ya fi.

Tsoronki na kuskure ba zan ce miki babu shi ba. Tana iya saɓa bugu. A irin wannan biki duk shekara akwai mai jin da ke saɓawa, a murmusa a wuce, ba wanda ya soke sunanta tun kafin ta gwada. Abin da za ki nema shi ne a yi wa Ummi irin wannan adalcin: malamin ya kira ta da kansa, ba ta bakin ƙawa ba, ya dube ta ya ce ta dawo bita. A ba ta mako biyu tana yi da sauran, da alamun hannu da zaman rabin da'ira, ke ko yayarta kuna zuwa kallo ko sau ɗaya ne. Bayan nan a auna ta da ma'aunin da ake auna kowace yarinya. Idan shantun bai zauna mata ba, akwai tafi, akwai taku a gaɗar, ta zaɓa. Idan malamin ya ƙi ko gwajin, sai ki rubuta wa shugaban makaranta takarda, ki sa kwanan wata, ki faɗi abin da ya faru da abin da kika roƙa, ki riƙe kwafi ɗaya a hannunki, ki nemi amsa kafin Laraba mai zuwa.